Ranar da Yaya Abu ta Shanya Gimbiya

Ku samarin da kuke zama a gindin darbejiyar ƙofar shagona kuna latsa waya, na ji abin da kuke faɗa. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana nan da ransa, kuma shi ne yake fuskantar darbejiya. Wai aikin Baba Sale ba aiki ba ne, shafe-shafe ne, duk wadda ta iya shafa wa jariri man kaɗe za ta iya. Wani a cikinku, mai askin nan da ya yi kama da gonar da aka fara sassabe aka fasa, har cewa ya yi ya kalli yadda ake yi a waya, kafin shayinsa ya huce ya gane komai. To madalla. Ni bokona bai yi nisa ba, ina fara jin daɗin makaranta aka cire ni aka haɗa ni da awaki. Amma na ari biro na zauna na rubuta muku wannan, tunda na lura abin da aka gaya muku da baki ba ya shiga sai kun gan shi a rubuce. In kun ga layi ya karkace, ku karkatar da kanku.

Sana'ata faiba. Bambar gaban motar haya in ta fashe, goshin babbar mota in ya tsage, tankin ruwa irin na faiba in ya fara yoyo, akwatin masu sayar da ƙanƙara, kwamin kiwon kifi, duk wurina ake kawowa. Kayan aikina ba su cika buhu ba. Almakashi ne, da burushi, da sanfefa, da 'yar rola ta korar iska, da sirinji, da gindin robar ruwa da nake yankewa ina kwaɓi a ciki. Sai tabarmar faiba, farar nan mai kama da furfura, wadda in ta taɓa maka hannu za ka yi ta susa kamar wanda ya yi birgima a ƙaiƙayin gero. Sai ruwa iri uku. Akwai gam, mai kauri kamar zuma, 'yan kasuwa suna ce masa rezin. Akwai kobal, ruwan shunayya, mai sa gam ya yi saurin amsa kira. Sannan akwai hadina, wadda take sa gam ya daskare ya zama dutse. Fara ce tas kamar ruwan sha, ɗigo-ɗigo ake sa ta, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Ni Gimbiya nake ce mata, za ku ji dalili.

Aikin farko da na sa hannu a kai goshin wata motar hatsi ne a bayan kasuwar Dawanau. Direban ya yi karo da jaki, jakin ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya tafi, motar ce aka kawo asibiti. Maigidana Oga Tanimu, wanda ya koyo aikin a Ikko wurin masu gyaran kwale-kwale, ya sa na goge bakin tsagar har hannuna ya daina jin magana. Sannan ya miƙo min sirinji ya ce in ɗiga hadina a gam. Na ɗiga.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara.

Ya ce, "Kai, rowa gare ka? Gadonka ce? Ƙara!"

Na matse sirinjin gaba ɗaya. Sai ya karɓi robar ya kai ta tsakiyar fili inda babu komai sai ƙasa, ya dawo ya ce in tsuguna daga nesa in kalla. Ban daɗe da tsugunawa ba robar ta fara hayaƙi. Ta lanƙwashe, tana ƙara kamar ana taka busasshen kara, abin cikinta ya tsattsage ya koma kamar ƙanzon tukunya.

Oga ya ce, "Wa ya ƙyasta mata ashana?"

Na ce, "Ba kowa, Oga."

Ya ce, "To riƙe wannan. Wutarta a cikinta take. Kai dai aikinka kar ka tashe ta daga barci."

Ranar ya karanta min halayenta, yadda waliyyi mai tsoron Allah yake gaya wa ango gaskiya kafin a ɗaura. Ba ta son zafi. In zafi ya taɓa ta sai ta fara warwarewa daga ciki, warwarewar ta fitar da wani zafin, shi kuma ya ƙara warware ta, kamar faɗan da aka fara a kan kaza ya ƙare a kan gonar kakanni. Ba ta son tsatsa, ɓarɓashi kaɗan ya isa ya fusata ta. Ba ta haɗuwa da kobal gaba da gaba, sai an fara narkar da shi a gam, gam ya shiga tsakani kamar dattijon da ake zaunarwa tsakanin masu rigimar iyaka. In tana da yawa a wuri ɗaya ta fi haɗari. Ku 'ya'yan manoma ne ko da kuna ɓoyewa, kun san in aka tara ɗanyar harawa tsibi guda tsakiyarta zafi take ɗauka, amma ƙaramin dami iska na ratsa shi. Haka babbar jarka take, zafin cikinta ba ya samun hanyar fita. Shi ya sa masu yin ta suke barin ɗan ƙaramin rami a murfi don ta riƙa numfashi. In kuwa ta kama da wuta, kar ka ce za ka danne ta da bargo, tana tafe da guzurin iskarta. Ruwa ne maganinta, mai yawa, kuma daga nesa.

Ba kullum take tashi da wuta ba, wani lokacin shiru take mutuwa. Wani abokin sana'ata a Zakirai ya saba barin tasa a taga, rana na leƙa ta safe da yamma. Ba ta ƙone ba, ƙarfinta ne ya tsiyaye. Ya liƙe wa mai shayi kujera da ita, sama ya yi kamar ya bushe, ciki kuwa danƙo. Wani dillalin shanu ya zauna ya sha shayinsa, ya tashi, kujera ta ce ƙafarka ƙafata. Sai da aka raba su da almakashi, kuma babbar rigar ce ta yi asara.

Da na dawo ƙauyenmu na kusa da Tsanyawa na buɗe nawa shagon, abin da na fara saya ba benci ba ne, randa ce. Na zaɓi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, na ƙasa, mai azara, na zuba yashi, na binne randar har wuya. Ciki na ajiye hadina, a cikin robarta ta asali, kobal kuwa yana can wani ɗakin. Kullum da safe sai na yayyafa wa yashin ruwa kafin in wanke fuskata. In na sayo ta daga Kano kuma, a gaban mota take zama, a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu.

Ɗanliti direba ya taɓa cewa, "Baba, kawo jarkar nan a ɗaure ta a sama da sauran kaya."

Na ce, "Kai za a ɗaure a sama."

Ya ce, "To ita wace ce? 'Yar sarki ce?"

Na ce, "Ka faɗa da bakinka."

Daga ranar sunan Gimbiya ya bi ta. Wasu kuma a gari suka ce ba gimbiya ba ce, aljana ce Sale ya saka a randa yake ba ta ruwa, ita take liƙe masa tankuna. Ban ƙaryata ba, don tun da maganar ta fita ba wanda ya sake aron almakashina.

Yanzu sai in kawo muku Yaya Abu. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, kuma da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Tsohuwar ungozoma ce, rabin magidantan unguwarmu ita ta yanke musu cibiya. Yaya ta yi imani da Allah da Manzonsa, bayan su kuma ta yarda da rana. A wurinta duk abin da ya lalace a duniya danshi ne ya lalata shi. Barkono, kuɓewa, kuka, daddawa, wannan kowace mace tana shanyawa. Amma Yaya tana shanya katifa, tana shanya rediyo, ta taɓa shanya agogon bango don yana lattin minti. In jikanta ya yi mura, waje take fitar da shi ta juya shi kamar ƙuli-ƙuli.

Tun ranar da ta dawo na ce mata, "Yaya, don Allah abin da yake cikin randar nan ba ya son rana."

Ta ce, "Auta, ni za ka koya wa ajiya? Ina ajiye daddawa tun kana cin ƙasa."

Har gobe Auta take ce min, da furfurata da komai.

Shekarar da nake ce wa baƙar shekara, aikin tankin rijiyar burtsatsen garinmu aka ba ni. Babban tanki ne na faiba, ya tsage daga gindi. Bazarar ta yi zafin da kaji suke yawo baki buɗe. Na je Kano na tarar ƙananan robobin hadina sun yanke a kasuwa, sai babbar jarka, ita ma da ƙyar na samu. Na kawo ta a gaban mota, na sauke ta a randa, na ninka yayyafi. Ranar kasuwar Tsanyawa na tafi neman sababbin robobi masu tsabta don in rarraba ta, saboda maganar harawar nan da na gaya muku. Matata ta tafi suna. Aka bar Yaya da gida, da rana.

Bayan azahar na dawo. Na leƙa randa, wayam. Na fito na tarar da Yaya a inuwa tana fifita, fuskarta irin ta wadda ta yi aikin lada.

Na ce, "Yaya, ina jarkar da take cikin randa?"

Ta ce, "Au, abar nan taka? Kai dai Allah ya shirye ka, Auta. Jagab na same ta, har takardar jikinta ta fara saɓulewa. Na shanya maka."

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "Inda ake shanya mana. Kuma an cuce ka, murfin a huje yake. Na samo wata tsohuwar ƙusa na toshe maka. Na kwantar da ita ma don gindin ya bushe."

Wurin shanyar Yaya wata rumfa ce da aka ɗora wa tsohon kwano, jingine da rumbunmu. A ƙarƙashinta harawar awaki ce jibge, da awakin a ɗaure. Rumbun kuwa jinkarsa busasshiyar ciyawa ce, a cikinsa akwai geron da gidan zai ci har kaka, da zangarniyar iri da muka ware, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Na ɗaga kai. Ga Gimbiya kwance a kan kwanon da zai iya toya ƙwai, tsakiyar jan barkono, da ƙusa mai tsatsa a bakinta, ta kumbura kamar akuyar da ta ɓarka buhun wake. Duk abin da Oga Tanimu ya ce ba ta so, Yaya ta haɗa mata a rana ɗaya. Kobal kaɗai ya rage, shi ma don ɗakin a kulle yake.

Ku da kuka koya a waya, na san abin da za ku yi. Tsani za ku sa ku hau ku rungumo ta. Da yanzu sunanku ake sa wa jarirai. Oga ya ce in ta kumbura ba a ɗaukar ta. Ita a bar ta inda take, a ɗauke duniya daga kusa da ita.

Na ƙwala wa maƙwabcina Malam Iro kira, shi kuma ya tara maza. Aka kora yara gona, aka kwance awaki aka kaɗa su waje, aka jawo harawa da dogayen gorori. Maza suka zo da bokitai cike da ruwa. Nan Yaya ta miƙe, ta ɗauki muciya ta tsaya a gaban rumfa.

Ta ce, "Duk wanda ya jiƙa min barkono, sai ya gaya min wanda ya yanke masa cibiya."

Malam Iro ya ce, "Inna Abu, wuta ce za ta tashi."

Ta ce, "Daga ruwa? Iro, tun kana jariri ba ka da wayo, da ƙafa ka fara fitowa."

Malam Iro ya ajiye bokiti. Ƙarti majiya ƙarfi, masu ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, suka tsaya suna kallon ƙasa. A garinmu ba a ture tsohuwa, balle wadda ta san yadda kowa ya shigo duniya.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ki matsa. Ni zan biya barkonon."

Ta ce, "Da me? Da shafe-shafen?"

Kun ga ba ku kuka fara ba.

Tunda ruwa ya gagara, na ce a cire jinkar rumbu. Maza suka bi ta ɗaya gefen suka ɗaga ta, suka shige ƙarƙashinta suka nufi ƙofa. Ba ka ganin komai sai ƙatuwar malafa da ƙafafu tana tafiya. Su ma ba sa gani, sai da suka gaisa da katanga, suka gaisa da turken jaki, kafin suka dace da ƙofar. Muka jiƙa tabarmi muka rufe bakin rumbun, Yaya tana ta lissafa mana wace tabarma ce tata. Jarka kuwa sai ƙara ciki take, har ta fara wani ɗan kuka siriri.

Awaki ne suka cece mu. Da aka kaɗa su waje, kai tsaye suka nufi shanyar kuɓewar da Yaya ta baza a ƙofar gida. Malam Iro ya leƙa ya ce, "Inna Abu, awaki sun hau kuɓewarki!" Ban taɓa sanin tana da sauran gudu ba. Ta fice da muciya a sama tana ambaton iyayen kowace akuya.

Tana fita na ce, "Ruwa!" Amma an makara. Bokitin farko yana sauka, kwano ya yi cuwww, jarka ta yi wani fito mai tsawo. Na ce kowa ya bi bayan katanga. Muna kaiwa muka ji tau, sai farin hayaƙi, sai wuta ta miƙe tsaye ta fi rumbun tsawo. Daga bayan katanga muka riƙa sheƙa ruwa, rabi a kan rumfa rabi a kan rumbu, mata suna miƙo bokiti daga rijiya. Dirkokin rumfar suka ci, kwano ya faɗi, wuta ta lashi gefen rumbu ta nemi ciyawa ta rasa.

Sai dai ba mu yi lissafin barkono ba. Barkonon shekara guda ya hau wuta lokaci ɗaya. Jama'a, na sha hayaƙi iri-iri a sana'ata, ban taɓa shan irin wannan ba. Unguwa gaba ɗaya ta kama tari da atishawa. Liman ya zo zai ja salati, bai kai ƙarshe ba atishawa ta karɓe shi. Jakin Malam Iro ma hawaye yake. Masu dawowa daga kasuwa suka tarar da magidanta zube a ƙofar gidanmu suna kuka shaɓe-shaɓe, suka sauka daga babura suka cire takalma suka tsuguna, suna ba mu haƙuri tun ba su tambayi wanda ya rasu ba. Masu cewa aljana ce a randa kuwa suka ce alhamdulillahi, ai da ma hayaƙin barkono ne maganinsu, ta fita ke nan.

Da hayaƙi ya lafa na hau na yaye tabarmi. Gero yana nan lafiya lau, iri yana nan, ko zangarniya ɗaya ba ta yi baƙi ba. Ƙusar kuwa a jikin rumbu muka same ta, ta nutse har rabi, daidai tsayin kan mutum. Ban cire ta ba. Tana nan har yau, mai son gani ya zo in nuna masa.

Hadina ta tafi ke nan, kuma ba a sake samun ta a kasuwa ba sai bayan damina. Aikin tanki aka ba wasu daga Kano. Na rufe shago na ɗauki fartanya, da irin nan da ya tsira muka yi shuka, kuma gero ya yi kyau. Na ware 'yan kunyoyi a gonar na dasa barkono, don Yaya ba ta yafe ba.

Da yammar ranar da wutar ta tashi, idanunta jawur, Yaya ta ce min, "Auta, da ka gaya min."

Na ce, "Na gaya miki, Yaya."

Ta ce, "Da ƙarfi ka faɗa?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To ka gani."

Da na sayo sabuwar hadina bayan kaka, na wayi gari na ɗauki buta zan yi yayyafi, sai na tarar yashi a jiƙe, Yaya zaune a bakin ƙofa da muciya a cinya. Tun daga ranar ɗakin randa ya koma hannunta. Ita take yayyafi, ita take duba ramin murfi ko wani abu ya toshe shi, kuma ba mai shiga da ƙarfe ko da allura ce. Sauran kayan duniya ba ta daina shanya su ba, don haka in kun shigo kar ku ajiye wayoyinku kusa da ita, hannunku gumi gare shi.

To mai askin sassabe, da duk wanda yake ganin shafe-shafe ne, ƙofa a buɗe take. Amma ba burushi zan fara ba ku ba. Za ku shiga ku durƙusa ku gaida Yaya, ta ba ku buta, ku yi ta jiƙa yashi har ta gamsu da hankalinku. Kar ku ga kamar wulaƙanci ne. Ni mai shagon, in na je ɗibar abin da zan yi aiki da shi, sai ta ƙare min kallo sama da ƙasa ta ce, "Auta, ka dai san ba ta son rana ko?"

Sai in ce, "Na sani, Yaya. Ke kika koya min."

Kuma ba ƙarya nake yi ba. Oga Tanimu da roba ɗaya ya nuna min, ita kuwa da jarka guda.